Rabin Aski

"Dogo, ara mana bencin nan naka, baƙi sun yi yawa."

Direba ne, babban ɗan Mai Faci, tsaye a bakin ƙofa. Takunkuminsa na rataye a haɓa kamar gemun aro. Dogo bai buɗe ƙofar duka ba, ido ɗaya ya leƙo da shi.

"Ja baya tukuna."

"To, likita."

"Ka rufe hancinka."

"Shi ma hancin laifi ya yi?" Direba ya ja ƙyallen sama yana dariya. "Bencin fa? Mutane na tsaye a rana."

"Ƙafarsa ta karye."

Direba ya kalli bayan Dogo. Benci na nan jingine da bango, ƙafafunsa lafiya lau. Ya juya ya tsallaka tsakar gida.

"Haba, Dogo," in ji matarsa daga kan katifa. Cikinta ya tsufa, da kyar take juyawa. "Mai Faci fa ba shi da lafiya."

"Shi ya sa."

Bencin na shagon askinsa ne. Ranar da aka sa dokar kulle, Dogo ne farkon wanda ya ja ƙofar shago a layinsu. Ya kwaso madubi da benci da kilifofinsa na aski ya dawo da su ɗaki. Ya ajiye bokiti da sabulu a ƙofa. Ya hana matarsa kasuwa, ya hana ta shiga ɗakin kowa. Duk abin da rediyo ta ce, ya yi.

Mai Faci kuwa ko a jikinsa. Ya rufe rumfarsa ta bakin titi don kada 'yan sanda su dame shi, ya dawo da kayan aikinsa bakin gida. Masu babur suna zuwa, ana faci, ana hira, ana tafawa. Kofi ɗaya yake zagaya mutum nawa. In Dogo ya zo wucewa fuska a rufe, sai tsohon ya ɗaga murya.

"Ga ɗan fashi nan! Ku ɓoye wayoyinku!"

A fashe da dariya. Har matar Dogo ya taɓa kamawa tana dariya a bayan labule.

Amma cutar da ta tashi shigowa gidan hayar nan, ba ɗakin Mai Faci ta nufa ba. Mahaifin Dogo ta kama, mutumin da ko zaure ba ya fita. Da tarin ya yi ƙarfi, Dogo ya bi doka, ya kira lambar da ake faɗa a rediyo. Mota ta zo da mutane cikin fararen kaya, ba a ganin ko idonsu sosai. Abin ƙarshe da ya gani na ubansa shi ne tafin ƙafa, takalmi ɗaya ya zame, aka rufe ƙofa. Sai waya ta zo wata safiya. Su suka binne shi, Dogo yana tsaye bayan shinge, can nesa, bai ma tabbata wane rami ba ne.

Ya fitar da bencin nan ƙofar ɗaki don masu gaisuwa. Ba wanda ya zauna. Mutane suka riƙa tsayawa daga bakin zaure suna ɗaga hannu, "Allah ya jiƙansa," su wuce da sauri suna riƙe da numfashi. Ɗakin masu cuta, haka yara suke kiran ɗakinsa.

Yanzu ga Mai Faci a kwance, tari irin wancan, numfashi irin wancan. Kuma ga takalma jibge a ƙofarsa kamar ana biki.

Dogo ya ɗage gefen labule. Tagar Mai Faci tana kallon tasa, a buɗe take. Ana ganin gadon. An jingina tsohon da matasai, ƙaramar 'yarsa na zaune tana matsa masa ƙafa, matarsa na ba shi ruwan ɗumi da cokali. Wani mai babur ya sunkuya ya faɗa masa wani abu a kunne, tsohon ya fara dariya, dariyar ta koma tari, hannuwa suka yi ca a bayansa suna bubbugawa.

Hannuwan nan Dogo ya tsaya kallo. Wani abu ya tokare masa ƙirji.

"Dubi," ya ce. "Dubi jahilci. Za su kashe mu duka."

Ya juyo wajen matarsa.

"Famfo ɗaya muke sha da su. Banɗaki ɗaya. Ɗazu wata ƙatuwa ta gama tari a hannunta ta kama kan famfo. Ke kuma ga halin da kike ciki."

"Na sani."

"Kin sani? To me ya kai ki ƙofarsu da safe?"

"Daga nesa na ce sannu. Ko sannu ma an hana?" Ta gyara kwanciya tana nishi. "Tun da gari ya waye kana jikin tagar nan. Cutar kake gadi, ko mutanen kake kallo?"

Ya saki labulen. Ya ɗauki wayarsa, ya ɗaura takunkumi, ya fita.

A lungun bayan gida ya tsaya, inda ake zubar da shara. Lambar tana nan a wayarsa, bai goge ba. Ya daɗe yana kallonta. Ya gaya wa kansa don matarsa ne, don abin da ke cikinta, don yaran gidan da ke wasa a bakin famfo. Kuma gaskiya ne, duk gaskiya ne. Sai wata sabuwar dariya ta tsallako katanga. Ya danna.

Muryar mace ce, a gajiye. Ta tambayi layi da gida, ta tambayi zazzaɓi da tari.

"Kai ɗansa ne?"

"Maƙwabci."

"Ka kyauta, malam. Da kowa zai yi haka, da mun huta. Za a zo."

Wancan karon ma haka aka ce masa, ka kyauta.

Ya dawo ya wanke hannu har gwiwa, ya shiga ɗaki ya zauna. Matarsa ta kalli wayar, ta kalli fuskarsa, ta juya ta fuskanci bango.

Bayan azahar aka sake ƙwanƙwasawa. Direba ne. Wannan karon ya rufe hancinsa tun kafin a ce, ya kuma tsaya nesa.

"Ba benci ba ne. Baba ne yake son aski."

"Aski?"

"Ya ce kansa ya yi masa nauyi, gashi ya dame shi. Ya ce ba wanda ya taɓa masa kai tun da ka rufe shago, kuma ba zai ba wani ba." Direba ya sosa ƙeya, muryarsa ta yi ƙasa. "Ka ga dai jikin, Dogo. Ban san me yake ji ba. Ka yi haƙuri."

"Ba zan shiga ɗakin nan ba."

"Na faɗa masa."

Dogo ya koma ciki. Sannan ya buɗe akwati, ya ɗauko kilifarsa mai caji da tawul, ya ajiye a ƙasa a tsakiyar gida, ya ja baya.

"Ɗauka. Kai za ka yi, ni zan tsaya a taga in gaya maka. Amma kowa ya fita, in ba haka ba na fasa."

Aka yi ta gunaguni. Wata tsohuwa ta ja tsaki tana neman takalminta, "Uban wani ya mutu, ya ɗauka shi ya fara maraici." Dogo ya ji. Ya bar ta ta wuce.

Aka matso da Mai Faci kusa da taga a kan kujera. Ya rame, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, leɓɓansa sun yi duhu. Amma idanun na nan yadda suke.

"Ɗan fashi," ya ce da kyar. "Ka zo?"

"Na zo, Baba. Sannu da jiki."

"Wannan... sitiyari kawai ya iya. Zai cire min kunne."

"Ina kallonsa. Direba, ɗaura masa tawul. Fara daga ƙeya, ka tura sama. A hankali. Kada ka danna, ka bar ta ta ci da kanta."

Kilifa ta fara ƙara. Furfura ta riƙa zuba a kan tawul. Direba ya tallafe goshin ubansa da tafin hannunsa na hagu, yadda Dogo ya nuna masa daga nesa, tsohon ya saki nauyin kansa duka a hannun, ya lumshe ido.

Dogo ya cusa hannuwansa cikin aljihu. Shi ne mai aski a layin nan kaf, kan da bai taɓa ba kaɗan ne. Amma ubansa da gashi buzu-buzu ya shiga mota, don a kwanakin nan Dogo daga ƙofa yake miƙa masa abinci, da safar hannu. Haka rediyo ta ce.

"Tsohonka," in ji Mai Faci, ido a rufe, kamar ya ji abin da ke ransa. "Ban zo maka ba... na so. Matar nan ta hana. Ka yafe."

"Ba komai, Baba."

"Mutumin kirki ne. Bai iya dara ba... amma mutumin kirki."

Can nesa, wajen babban titi, Dogo ya ji jiniya. Ba wanda ya kula sai shi. Wancan karon sai da ya yini yana jira kafin su zo.

"Direba, yi sauri."

"Yanzu ka ce a hankali."

"Na ce ka yi sauri. Bar bayan kunnen, koma gefen dama."

"Saurin me?" Mai Faci ya buɗe ido ɗaya. "Ina zan je?"

Jiniyar ta shigo layi, ta tsaya a ƙofar gida, ta mutu. Sai ƙarar kilifa kaɗai. Ita ma Direba ya kashe ta.

Mutanen motar suka shigo cikin fararen kaya, ɗaya na goye da tankin feshi. Baƙin da ke tsaye a zaure suka watse, wasu ko takalmi ba su tsaya nema ba. Matar Mai Faci ta tare ƙofa da hannuwanta biyu tana ihu.

"Wa ya kira ku? Zazzaɓi ne kawai! Wane mugun ne ya kira ku?"

"Mama, ki yi haƙuri. Can akwai iskar numfashi, a nan ba ku da ita," in ji ɗaya daga cikin masu fararen kayan.

"Ku bari in ƙarasa masa," in ji Direba, ya ɗaga kilifar. "Gefe ɗaya ya rage. Don Allah, yanzu-yanzu."

Babban cikinsu ya maƙala wani ɗan abu a yatsan tsohon, ya duba, ya girgiza kai. "Babu lokaci, malam. Kuma akwai wasu na jiranmu."

Aka fito da shi a kan gadon ɗauka. Rabin kansa fes yana sheƙi, rabi fari buzu-buzu, tawul na nan a wuyansa. Da aka zo daidai inda Dogo yake tsaye, tsohon ya juyo da kai. Ya kalle shi, ya daɗe yana kallo. Dogo bai gane ko ya san shi ne ya kira su ba, kuma ba zai taɓa ganewa ba.

"Aikinka... bai yi kyau ba, Dogo," ya ce. "Ka biyo ni ka gyara."

Aka fita da shi. 'Yarsa ta bi motar da gudu har ƙarshen layi.

An feshe gidan, an ɗibi gwajin kowa, an ce kada wanda ya fita, kada wanda ya shigo. Gida ya yi tsit. Ba masu babur, ba hira, ba layi a famfo. Abin da Dogo ya daɗe yana nema ke nan. Gwajin matarsa ya fito lafiya, nasa ma haka. Da ya gaya mata ta ce, "Alhamdu lillahi," ba ta ƙara ba. Kuma ba ta taɓa tambayarsa komai game da ranar nan ba.

Kullum Direba yana zaune a dokin ƙofarsu, waya a hannu. Dogo kan ɗage labule ya gan shi. Ya san zaman nan. Ya san yadda ake duba caji, a duba ko akwai layi, a ajiye, a sake ɗauka. Ya zaci in ya ga wani a zaman, abin da ya tokare masa ƙirji zai sauka. Bai sauka ba.

Wata safiya ya fito ya zauna a nasa dokin ƙofar. Faɗin tsakar gida na tsakaninsu.

"Dogo, kai da ka san wurin. Suna barin mutum ya yi magana a waya?"

"In yana iyawa."

"Jiya sun ce yana barci. Shekaranjiya ma barci."

Dogo ya kalli ƙasa.

"Da safe suke kira, ko da yamma?"

"Da safe."

Ba su daɗe ba wayar ta yi ƙara. Direba ya miƙe tsaye kafin ya ɗauka. "E, ni ne. E." Ya yi shiru yana saurare. "To. To. Na gode." Ya koma ya zauna a hankali, ya kifa wayar a ƙasa. Daga cikin ɗaki uwarsa, wadda take bayan labule tun ƙarar farko, ta fara salati, 'yar ta kama kuka.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji Dogo. Ta cikin ƙyalle muryarsa ta fito.

"Sun ce su za su yi komai. Sun ce za mu iya tsayawa daga nesa." Direba ya share fuska da hannun riga. Ya ɗago. "Dogo... in za su shirya mutum, suna ƙarasa masa askin?"

Dogo ya tuna shingen nan, da fararen kaya, da saurin da suke yi.

"Suna ƙarasawa," ya ce.

Direba ya gyaɗa kai.

Kukan ya fita har titi. Wani ya leƙo ta zaure, ya ɗaga hannu, ya wuce. Inuwar katanga ta janye daga kansu kaɗan-kaɗan, rana ta same su, kowa a ƙofarsa, ba wanda ya tashi.