Kai Tata Mzwandile Gida

"Har yanzu ba su biya ba?" Tata Mzwandile, wato Baba Mzwandile a yarenmu, ya tambaya daga kan gado, yana jan numfashi da ƙyar.

Matarsa Nokwanda ta kife wayar a cinya. "Madam Pienaar ta ce suna kotu. Wai kamfanin inshora ya ce ba cutar ce ta rufe gidan abincin ba, gwamnati ce."

"Ita kuma gwamnatin, don bikin kakarta ta rufe?" Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Kada ku ce laɓe na yi, ɗakina na jingine da nasu. Bangon kwano ba ya riƙe sirri, mu kuma a unguwarmu ta Khayelitsha ba ma toshe kunne. Shekara da shekaru Tata na soya kifi a gidan abincin Madam a bakin teku. Mutum ne mai ji da kansa, gaisuwa ma sai ya ga dama, amma ba zan ɗauki alhakinsa ba, kawunan kifinsa sun sha shiga tukunyata. Korona na zuwa aka garƙame ƙofa, albashi ya tsaya cak.

Abin da Nokwanda ta ɓoye masa shi ne, daga albashin nan ake cire kuɗin inshorar jana'izarsa. Da albashi ya tsaya, inshorar ma ta mutu. Shi kuwa ba shi da zance sai Cofimvaba, ƙauyensu mai nisa.

"Kusa da mahaifina, kin ji ko, Mama? Gefen garke. Kada ki bar ni cikin yashin garin nan, ruwa na shiga kabari."

"Kai dai sha kununka, tsoho. Wa ya ce maka yau za ka mutu?"

"Komai na biya. Akwati, mota, har saniyar yanka. Ba za ki roƙi kowa ba."

"Na sani," ta ce, idonta a kan cokali.

Ranar Talata da hantsi ya cika.

Madam Pienaar ta zo gaisuwa a motar haya, don tata ta sayar. Ta tsaya bakin ƙofa, duk ta zube, hawaye sun jiƙa mata takunkumi.

"Nokwanda, wallahi in muka ci shari'ar nan..."

"Gawa ba ta jiran alƙali, Madam."

Mun yi karo-karo, amma ku dubi layinmu: wannan mai wanke kwanuka, wancan mai gyaran gadon otal, duk a zaune muke. Abin da ya taru ko rabin hanya ba zai kai gawa ba. A yashin aka sa shi, ruwa na tsattsafowa a ƙasan ramin.

Da aka ɗage dokar kulle aka buɗe hanya, Nokwanda ta samo reshen magarya, irin wanda a al'adarmu ake ɗauko kurwar wanda ya mutu a baƙon wuri da shi. Aikin mazan dangi ne, amma babu namijin da ya iya kuɗin zuwa. Ta durƙusa a kabarin ta ce, "Taso, Tata, mu tafi gida."

A tasha ta biya kujera biyu, ta ɗora reshen a kan ɗaya. Wata ƙatuwa mai buhun dankali ta zo za ta zauna, direba ya tare ta.

"'Yar'uwa, da mutum a nan."

Mota ta hau titi. Nokwanda ta gyara wa reshen zama gefen taga, ta dafe shi da hannu ɗaya saboda gargada. Can ta sunkuya ta yi ƙasa da murya.

"Mun bar teku a baya, tsoho. Ga duwatsu nan."