Tambarin da Aka Ɗora Wa Furanni

Lokacin da aka haɗe Jamus ta Gabas da ta Yamma, garinmu yana da ƙungiyoyin makaɗa biyu: babbar ta gidan wasa, da tamu ta masu haƙar kwal. Hukuma ta ce ɗaya ta isa, aka rushe tamu. Kaɗan daga cikinmu aka ɗauka a babbar. Ni da nake busa sarewa ban samu shiga ba, haka ma Eberhard Lindner mai busa ƙaho.

Eberhard ne ya kwashe kayanmu kafin a zubar: hotuna, takardun kiɗa, tuta, sandar jagorantar kiɗa ta madugunmu na farko, da tambarin tagulla, wata babbar ganga da mahaƙa suka saya mana tun kafin yaƙin duniya. Ya adana su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa, bai taɓa yarda ko hoto ɗaya ya fita ba.

Da babbar ƙungiya za ta cika shekara ɗari, aka damƙa wa Hannelore Pietsch shirya baje kolin tarihi. Ita ma tamu ce, kujerarta tana manne da ta Eberhard tun suna matasa, sai dai ita an ɗauke ta a babbar. Ta zo gidansa da kek, a gabana, ta ce za a ba mu ɗaki guda sukutum, da sunanmu a ƙofa. Eberhard ya ce bai yarda da mutanen nan ba.

“To ni fa, tsohon banza? Ni ma ba ka yarda da ni ba?” in ji ta, tana dariya.

Da hannunsa ya loda kayan a mota.

Ranar buɗewa muka tafi da safe, ya sa kwat ɗin da muke hawa dandali da ita, wadda yanzu maɓallanta ba sa haɗuwa. Muka zaga ɗakunan duka. Ga hotunan madugai, ga na tafiye-tafiye, ga lambobin yabo, amma babu mu. Ɗakin da aka yi mana alkawari an mai da shi wurin rataye riguna. Sandar madugunmu tana cikin gilashi tare da nasu, ba a ma rubuta ta wane ne ba. Tambarin kuwa a bakin ƙofa muka same shi, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an ɗora masa tukunyar furanni.

Hannelore ta hango mu, ta zo da sauri. Ta ce shugabanni ne suka sauya tsari tun bazara, suna ganin labarin rushewar zai ɓata biki. Ta so ta faɗa masa, amma ta san zai ƙwace kayan.

“Wato kin sani tun bazara,” Eberhard ya ce a hankali. “Kuma kina zuwa gidana kina shan kofi.”

Ya sauke furannin, ya naɗe ƙyallen ya miƙa mata. Muka kama tambarin, ni da shi, muka ratsa mutane muka fita da shi muna haki. Babu wanda ya tare mu.

Sauran kayan sun dawo cikin kwalaye bayan wata biyu, yawancinsu ba a ko kwance ɗaurin da ya yi musu ba. Har yanzu Eberhard da Hannelore sukan haɗu a shagon burodi. Yana gaishe ta da ladabi, “Barka da asuba, Madam Pietsch,” kamar yadda ake gaida baƙuwa, sannan ya koma ƙarshen layi.