Zaren da Ya Yi Kwana Tara a Kan Kogi

Kwana tara da binne Inna, kwalekwalena bai daina nutsewa ta gaba ba.

Mu 'yan ƙabilar Guna ba ma binne mamaci a tsibiri. Gaɓa muke kai shi, mu bi kogi zuwa maƙabarta, mu kwantar da shi cikin ragar da yake barci a kai. In za mu dawo sai mu ɗaura farin zare daga wannan baki na kogin zuwa wancan. Wanda ya fara biyowa bayanmu shi zai yanke, mamaci ya kama hanyarsa. Sharaɗi ɗaya ne: kada mai yankewar ya zama dangi.

Da can zare ba ya kai la'asar. Mata na zuwa ɗiban ruwa, maza na wucewa gonar ayaba, wani zai sa wuƙa ya wuce. Mun ɗaura na Inna kamar yadda aka saba, muka juyo muna kuka. Babu wanda ya tuna cewa tun da teku ta fara shigo mana ɗaki, rabin mutanenmu sun koma sabon gari bakin titi, sauran sun tafi birnin Panama. Yanzu wa ke bin kogin nan?

Ni na fara ganewa. Duk safiya in na shiga kwalekwale, goshinsa sai ya yi ƙasa kamar an ɗora buhun kwakwa, daidai inda Inna ke zama tana yi mini faɗa a kan tuƙi. Na kwashe ruwa, na duba ko ya fashe, lafiya lau. A rana ta tara na leƙa kogin da hantsi. Zaren na nan a miƙe, ko tsuntsu bai sauka a kai ba. Tsoro ya kama ni, ga haushin kaina da ya fi tsoron. Uwata ce ke tsaye a hanya, kuma wuƙar da ke hannuna ba ta da amfani.

Na ta da inji na fara bin tsibirai.

A Tsibirin Kunkuru na tarar da Gwaggo Sipiriyana tana ɗinkin mola, adon rigar matanmu, a inuwa. Ba gwaggota ba ce ta jini, ko kuma haka nake zato.

"Ke Ubaldina, kanki ɗaya?" in ji ta. "Kakata da kakan uwarki nono ɗaya suka sha. In na yanke, ƙara ɗaure ta zan yi."

"To mijinki fa?"

"Wannan? Ai shi ya fi ni kusa. Ku da kuka auri juna kamar kifin kwano ɗaya!"

Tana magana idonta na kan kwalekwalena da ke ɗaure a gaɓa. Ba ta raka ni bakin ruwa ba.

A tsibiri na biyu na sami wani mai kamun ƙaguwa, Atiliyo, wanda ko a mafarki ba mu haɗa jini ba. Ya saurare ni har ƙarshe yana sosa wuya.

"Kwana nawa kika ce?"

"Tara."

"Tabɗi! Yaya, zaren da ya kwana uku ma ba na taɓa shi. Wanda aka tsayar a hanya haka, da wa kike ganin zai fara huce haushi?"

"Ƙato kamarka, kana kama ƙaguwa da hannu, zare ne ya fi ƙarfinka?"

"Ƙaguwa ina ganinta," ya ce, ya koma kan komarsa.

Na zage shi, kuma ban yi nadama ba. Tsibiri na uku ba kowa sai bukkoki da ruwa ya cinye ƙafafunsu. Na huɗu karnuka kawai. Rana ta take tsaka, teku ta kwanta shiru, ni kaɗai da ƙarar inji da wannan nauyi a gabana. Har na kama kaina ina cewa, "Inna, ki yi haƙuri, ina nema."

A na biyar, ɗan tsibiri mai bishiyar kwakwa bakwai, wani tsoho na zaune bakin ruwa da hularsa a kai da wuƙa a cinya. Baba Nikanor sunansa, daga can gabas iyayensa suka zo. Ban gama bayani ba ya miƙe.

"Mu je, 'yata."

Da ya shigo ya zauna a tsakiya, ruwa ya kusa kai bakin kwalekwalen. Na yi mamaki, don mutumin ƙashi ne da fata.

A bakin kogi na kashe inji na ɗauki filafili. Ko kukan tsuntsu babu. Da muka isa zaren ya cire hula, ya tambayi sunan Inna, ya kira ta sau ɗaya, ya sa wuƙa. Goshin kwalekwalen ya ɗago a hankali, kamar mutum ya taka ya sauka. Wani layi ya bi kan ruwa ya yi sama da kogin, irin wanda kwalekwale ke bari a bayansa. Na fashe da kuka. Daɗi nake ji, kuma a lokacin ne na san ta tafi da gaske.

Na fara juya kan kwalekwale, ya riƙe filafilin.

"Mu ƙarasa gaba kaɗan."

Mun wuce lanƙwasa biyu na kogin, inda ko masu ɗiban ruwa ba sa kaiwa, sai ga wani zare a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya yi baƙi, gansakuka ta kama shi, amma a miƙe yake tamau.

"Florinda," ya ce. "Matata. Shekara biyu. Duk wanda na roƙa sai ya tambaye ni kwana nawa."

Ya miƙo mini wuƙar ta wajen ƙota. Maganar Atiliyo na yawo a kaina. Na kira sunanta, na yanke.

Tsakiyar kwalekwalen ya taso har sai da na dafe gefe. Baba Nikanor bai kalli ruwan ba. Ya kai hannu ya shafa katakon da ke kusa da shi, ya daɗe yana shafawa.

"Tuƙa a hankali, 'yata," ya ce. "Ban saba zama ni kaɗai ba."