Alƙalin Rumfar Kekuna

Shekara goma sha tara na yi ina gadin ƙofar kamfanin sabulu, kuma a cikinsu ban taɓa kama ɓarawo ko ɗaya ba. Abin da aka san ni da shi daban ne. Kusa da ɗakin gadi akwai rumfar kwano inda ma'aikata ke jingine kekunansu, sun kai arba'in. Kowace safiya, in an gama shiga, sai in ɗauki alli in bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, in rubuta wa kowanne maki a kan siminti, daga ɗaya zuwa goma. Da wasa aka fara, ranar da na ce wa wani ko kyauta ya ba ni kekensa sai ya haɗa mini da ban haƙuri. Kafin shekara ta zagayo, magidanta masu 'ya'ya na fitowa lokacin hutun rana su leƙa abin da suka ci. Sunana ya ɓata, na koma Baba Alƙali.

Gara in faɗi abin da ke cikina tun yanzu: ban iya keke ba. Sau ɗaya na hau, ina ɗan shekara goma, na ƙare a cikin kwata, 'yan unguwa suka yi wata guda suna kwaikwayon ihuna. Tun ranar na yi rantsuwa. Gidana tafiyar minti goma ce a ƙafa, saboda haka babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa. In an tambaye ni abin da ya hana ni sayen keke, sai in ɗaga kai in ce ban ga wanda ya isa in hau ba tukuna.

Ilimina kuwa kaf daga kalanda na samo shi. Wata tsohuwar kalandar masu sayar da taya na tarar a bangon ɗakin gadi, da hoton keken tsere, siriri, baƙi wuluk, sirdinsa can sama. Daga nan na tsara dokokina. Madubi ɗaya ya isa, wanda ya sa huɗu sai in tambaye shi ko shagon aski zai buɗe. Furen roba yana cinye maki biyu. Igiya a naɗe a kariyar ɗaukar kaya ta baya, maki ɗaya. Sarƙa ta yi ƙyalli, ƙararrawa ta yi zaƙi. Amma uwar dokokin ita ce ta sirdi: dole ya ɗara kan keke, wato mariƙinsa, tsawo. Duk mai sauke sirdi, in ji ni, ba keke yake so ba, kujera yake nema.

Babu wanda ya ɗauki maganata da nauyi kamar Gajere, mai kula da sito. Mutum ne shiru-shiru, tsayinsa da ƙyar ya kai kafaɗata. Ya ɗaga sirdinsa har ya zama da kan yatsu yake taɓa feda, yana tafe yana karkata hagu da dama kamar agwagwa, in zai sauka kuma sai ya nemi dakali. Shi kaɗai ya taɓa cin tara, ranar har shayi ya saya mini.

A can ƙarshen layi kuma akwai keken mai shara, wata dattijuwa da ake ce wa Kwando saboda ƙaton kwandon da ta ɗaure a gaba. Keken mata ne, ba shi da ƙarfen tsakiya, launinsa ya daɗe da rasa suna. A baya ta kafa akwatin katako, sirdin kuwa ya zauna a ƙasa ɗungurungum, an naɗe shi da tsohon tawul. Biyu nake ba ta kullum, shi ma don tayoyin biyu ne. Ba ta taɓa tanka mini ba, in gari ya waye ta share makin tare da sauran datti.

Saura kwana goma in yi ritaya, Dogo bakanike ya ja ni bayan injina yana ta murmushi, ya ce sirri ne amma cikinsa ya kasa riƙewa. Ya yaye wani tamfol. Keken kalandata na gani tsaye a gabana, baƙi, siriri, ba kwando ba fure, sirdinsa na neman haƙarƙarina. Wata uku, in ji shi, ma'aikata suna haɗa shi, har aron kalandar suka yi ranar da ba na nan.

"Ka ce ba ka ga wanda ya isa ba, Baba. To ga shi. Ranar sallama za ka zaga fili sau uku a gaban Manaja, sannan ka fita ta ƙofarka kamar ango."

Na yi godiya da muryar da ban san ta ba. Lallai baki shi ke yanka wuya.

A duniya matata kaɗai ta san gaskiya. Da na gaya mata, sai da ta ajiye tsintsiya ta zauna a ƙasa don dariya. Da ta lafa ta share hawaye ta ce in je in faɗa musu kawai, ai ba kisan kai na yi ba. Na ce ta yi shiru, ba ta san girman da nake da shi a rumfar nan ba. Ta ce ta sani, wanzami ne ba ya son jarfa. Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Mutum arba'in na yi shekaru ina yi wa dariya, yanzu za su taru a fili ɗaya, ni a tsakiya.

Washegari na fita da ɗingishi. Kafin rana ta take na manta ƙafar da na fara da ita, na koma ɗayar. Dogo ya dube ni da tausayi ya ce kada in damu, babu maganin ciwon gwiwa irin keke.

Ƙarfe shida na safe babu kowa a kamfani sai ni da mai shara. Rana ta uku, da na ga ta shige ofis da bokitinta, na lallaɓa rumfa. Kekenta kaɗai ne a wurin, kuma ko da akwai ɗari shi zan zaɓa, don shi ne wanda ƙafata za ta taɓa ƙasa. Na ja shi bayan sito, na zauna a kan tawul ɗin da na yi shekaru ina zagi, na yi addu'a, na ɗaga ƙafa biyu lokaci ɗaya. Ban san abin da ya biyo baya ba. Na dai tsinci kaina a kwance tsakanin gangunan da ba komai a ciki, keken a kaina, hulata a cikin kwando, taya na juyawa ita kaɗai.

"Maki nawa ka ba wannan faɗuwar, Baba Alƙali?"

Tana tsaye da tsintsiya a hannu, ko murmushi babu. Na fara cewa birkinta nake gwadawa, ta ɗaga mini hannu.

"Na daɗe da sani. Ranar da ka matsar da keken Dogo daga hanya na gan ka. Wanda ya taɓa hawa ba ya jan keke ta gaba kamar akuya."

Na roƙe ta don Allah ta rufa mini asiri. Ta ce da tana da niyyar tonawa da ba ta kai yau ba, in tashi in karkaɗe rigata, saura rabin sa'a mutane su fara zuwa.

Haka muka yi mako guda. Ita ce ke riƙe da akwatin baya tana gudu, mace mai jikoki, ni ina gaba ina salati. Ta ce in daina kallon taya, taya ta san aikinta, in kalli inda za ni. Ta ce in saki kafaɗa, ba dambe muke ba. Na ci ƙasa ta gaba, na ci ta gefe, na rungumi famfo sau biyu. A cikin makon nan na gane tawul rahama ne, na kuma gane abin da ya fi komai daɗi a keke shi ne ka sauke ƙafa ka ji ƙasa na nan tana jiranka. Duk da haka, in an gama shiga aiki, sai in ɗauki allina in rubuta mata biyu, don kada a yi zargi. Har yau in na tuna sai in ji nauyi.

Rana ta bakwai na taso daga ganguna har bakin famfo ba tare da ta taɓa ni ba. Na yi murna kamar yaro. Ita kuwa cewa ta yi in rage fara'a, wancan da suka haɗa mini ko tsani aka sa mini ƙafata ba za ta kai ba.

Ranar sallama aka jera kujeru a fili, aka tsayar da injina. Manaja ya yi jawabi, ya ce ban taɓa makara ba, ya ce na koya wa ma'aikata tsabta da tsari. Matata na zaune a gaba ta toshe baki da gefen gyale. Sannan Dogo ya turo keken, an ɗaura masa jan ƙyalle, aka yi tafi. Wani ya miƙo mini alli ya ce in fara ba shi maki. Na rubuta goma, ta farko a rayuwata.

Na kama kan keken. Na ɗaga ƙafa zan haye, ta tsaya a rabin hanya. Na sake ɗagawa, wandona ya yi wata ƙara. Aka yi 'yar dariya, ana zaton wasa nake. Na dubi sirdin, na dubi simintin fili, na tuna ba ganguna a nan, ba kuma mai riƙe mini baya. Can na hango mai shara a jingine da bango, ta dube ni, ta dubi aljihun Dogo.

Na ce, "Dogo, ara mini sifana."

Ya ba ni yana tambayar ko wani noti ne ya saki. Na durƙusa na kwance notin sirdi, na danna shi ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya zauna a kan ƙarfe. Na ɗaure. Na miƙe tsaye.

Gajere ne ya fara magana, mutumin da sai a yi wuni ba a ji muryarsa ba.

"Baba, ashe ana saukewa?"

Da na so, da na ce dokar tsofaffi daban ce, kuma da sun yarda. Amma na dubi yadda ya tsaya, ya jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya kamar yadda ya saba yi a 'yan shekarun nan, sai ƙaryar ta maƙale mini.

"Ana saukewa, ɗana. Ni ban iya keke ba. Mako guda ke nan da na fara koyo, a kan na mai shara. Dokar sirdi kuwa a kalanda na gan ta."

Dariyar da nake gudu ta zo, ta kuma fi yadda na zata. Dogo ya kama ciki ya durƙusa, Manaja ya cire tabarau yana share ido, wani ya faɗo daga kujera. Na tsaya na sha, don na san bashin dariya ne nake biya. Gajere kaɗai bai yi ba.

"Shekara tara ina hawa a haka," ya ce, a hankali. "Likita ya ce in bar keke saboda gwiwata. Na ce masa wanda ya fi shi sanin keke ne ya gyara mini zama."

Ya karɓi sifanar daga hannuna ya nufi rumfa. Muna kallo ya sauke sirdinsa, ya haye, ya ajiye tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa. Bai taka feda ba. Ya zauna kawai a haka, ya daɗe, yana kallon ƙafafun. Dariyar ta mutu da kanta. Sai wani ya je ya miƙa hannu a ba shi sifanar, wani ya tsaya a bayansa, kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin ɗakin gadi, ana gardamar wanda ya riga wani.

Ni kuwa na haye baƙin kekena, na kalli inda za ni, na taka. Ya yi hagu, ya yi dama, ya miƙe. Kwana goma na yi ba abin da nake tsoro sai idon mutane. Ga shi na fita ta ƙofar da kaina, ban faɗi ba, kuma babu wanda ya ɗago kai ya dube ni. Wannan ya fi faɗuwa ciwo.