Tagar Arewa

Inna ta sauka a Alkahira a watan Yuli, ina da cikin fari wata takwas, kuma tun a cikin tasi ta fara ganin laifin sama. Ta ce a Gumel yanzu gero ya kai gwiwa, amma nan ko ƙyallin girgije babu. Mijina Sanusi, da ke karatu a unguwar Darrasa, ya yi mata bayani cikin ladabi cewa garin nan ba ya damina, sai ɗan yayyafi lokacin sanyi. Inna ba ta musa wa suruki ba, saboda kunya. Muna isa gida dai ta ɗauki sabon darona ta ajiye a baranda, wai kada ruwan farko ya wuce mu.

Gidanmu a unguwar Hadayek el-Maadi hawa na biyar ne, da manyan tagogi biyu a falo. Ɗaya tana kallon kudu, inda babban titi yake, ɗaya tana kallon arewa. Inna kuwa manomiya ce, ta san iska kamar yunwar cikinta. A saninta iskar alheri daga kudu take tasowa, daga teku, ita ke jawo damina ta wanke gari, ta arewa kuma ba ta kawo komai sai bushewa. Don haka ta rufe tagar arewa, ta cusa tsumma a kowace kafa, ta rataya zane a kai, ta ce ba za ta bari iskar hamada ta bugi mai ciki ba. Ta kudu ta wangale ta dare da rana. Na so in yi magana, amma wa ya isa ya koya wa Inna iska?

Abin da tagar kudu ta kawo mana shi ne hayaƙin motocin haya da zafi. Kafin kwana goma Inna ta kama tari, ƙirjinta yana kuka in ta kwanta. Kullum da safe takan leƙa daro, ta tarar da shi a bushe, ta ce garin da ruwa ba ya wanke shi ba wurin zaman mutum ba ne. Ran nan ta haɗa kayanta a jaka, ta ce Sanusi ya sauya mata tikiti. Na shiga ɗaki na yi kuka sosai. Tsoro nake ji in haihu a ƙasar mutane babu uwata a kusa.

A yammacin ranar, bayan la'asar, maƙwabciyarmu Madam Samah ta shigo maido mana da faranti. Tsohuwar malamar makaranta ce, 'yar Iskandariyya, kuma ita ma ba a ja da ita. Ta tsaya tsakiyar falo ta shaƙi iska, ta ga zanen da ke rataye, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Ya Husseina, wa ya toshe muku bahari?"

Bahari ita ce tagar da ke fuskantar teku, kuma a garin nan mutane har rububin irin wannan gida suke yi. Ina fassarawa daga Larabci, Madam Samah ta gaya wa Inna cewa a Masar teku a arewa yake. Da bazara iska daga can take tasowa, ta ratso gonaki, ta iso Alkahira da yamma ta kore hayaƙi. Inna ta ce in gaya mata kowa ya san teku a kudu yake, ko yaro ya san inda Legas take. Na rasa wadda zan bai wa haƙuri a cikinsu.

Madam Samah ta gaji da magana. Ta ce, "Khalas, yalla ya Hajja," wato "ya isa, taho Hajiya," ta kamo hannun Inna. Ta rufe tagar kudu, ta yaye zanen, ta zare tsummokaran, ta buɗe ta arewa da ƙofar falo. Da farko shiru, har Inna ta fara murmushin nasara. Sai labule ya ɗaga. Iska mai sanyi ta shigo ta kaɗa mata mayafi, Inna ta ja numfashi mai tsawo ba tare da tari ba.

A hankali ta ce, "Wannan ai iskar gabanin ruwa ce." Ta leƙa tana neman hadari.

"Ma'alish, yi haƙuri ya Hajja, iskar kawai tekun yake aiko mana," in ji Madam Samah.

Inna ta ce lallai tekun nasu marowaci ne, amma ba ta matsa daga bakin tagar ba sai da aka kira magariba.

Cikin kwana huɗu tarin ya lafa. Inna ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, har ma na ji tana gaya wa Sanusi cewa da ma ita tun farko ba ta yarda da tagar kudun nan ba. Maganar tikiti kuwa babu wanda ya tayar, ni ma na ji tsoron tambaya.

Ranar Juma'a da safe na fito na ga babu daro a baranda. Na same shi a ɗakin Inna, an wanke shi tas, da sabulu da ƙaramin tawul a ciki, jakarta kuma tana ƙarƙashin gado babu komai a cikinta. Ta ga ina kallo, ta kawar da kai.

Ta ce, "Tunda sama ta ƙi cika shi, a ciki zan yi wa jikana wanka."