Lamba ta Goma Sha Huɗu

Saje bai tsani mai gyaran wuta don ya auri tsohuwar matarsa ba. Shi ya sake ta da kansa, kuma shi ya yarda 'yarsu ta zauna wajen uwarta, tunda ɗan sanda yau yana nan, gobe an tura shi wani gari. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya. Wata rana ya je ganin yarinyar, tana kan cinyarsa tana ƙirga igiyoyin hannun rigarsa, sai aka ji tsayuwar mota a waje. Ta dire a guje tana ihu, "Baba ya dawo!"

Baba! Shi da ya haife ta an bar shi da "Abba", yana zaune a falon mutane kamar wanda ya zo karanta mita. Mutumin ya shigo, ɗan gajere da tabarau, aljihu cike da sukundireba da salatif, ya ɗaga ta sama tana ƙyalƙyala dariya. Abin haushin ma, mutumin kirki ne. Har rusunawa ya yi ya ce, "Yallaɓai, sannu da zuwa." Da mugu ne, da Saje ya sami inda zai kama. Haka ya koma gida kishi na cin sa.

Ana nan sai yarinyar ta zo ta ɗaya a ajinsu. A makarantar, ranar ba da kyauta, uba ake kira ya hau dandamali tare da ɗansa. Ta buga masa waya tana murna: "Abba, ka zo da wuri. Baba ma zai zo!" Saje ya goge kakinsa har sau biyu, yana guga yana tsaki. Idan aka ce uban yarinya ya taso, wa za ta waiwaya ta kalla?

Aikinsa a caji ofis ba mai hayaniya ba ne. Kowace safiya yana buga jerin lambobin motocin da ake nema, ya tura wa shingayen bincike. A gaban kowace lamba sai an sa lambar fayil ɗin ƙarar. Ran nan motoci goma sha uku ne. Lambar motar mai gyaran wuta kuwa ya haddace ta fiye da ranar haihuwarsa. Ya ce a ransa, ai ba wani abu ba ne: su tsare shi awa biyu, su duba takardu, su sallame shi bayan an tashi taro. Yarinyar kuma motar makaranta ke ɗaukarta tun bakwai. Ya buga ta goma sha huɗu. Wajen fayil, don kada layin ya zauna fanko a gane, ya kwafi na layin sama, ko dubawa bai yi ba.

Ƙarfe sha ɗaya yana layin gaba a zauren makaranta, takalmi na sheƙi. Aka kira sunan 'yarsa sau uku, ba ta fito ba. Sai wayarsa ta yi ƙara, uwar yarinyar ce, kuka ya hana ta magana sosai. Ashe an ce masu karɓar kyauta su zo tare da iyayensu. Yarinyar tana cikin motar mai gyaran wuta lokacin da 'yan sanda suka tare ta.

Da ya isa caji ofis ɗin da aka kai su, ya tarar da mai gyaran wuta a ƙasa bayan kanta, ba riga, hannu da ankwa, leɓe a fashe. Yarinyar na kan benci, fararen safarta sun yi baƙi, ta ƙanƙame karyayyen tabaransa.

"Abba, a kan kwalta suka kwantar da mu," ta ce. "Na gaya musu babana ɗan sanda ne, zai kamo wanda ya yi wa Baba ƙarya."

Ko a wannan halin sai da kalmar "Baba" ta soke shi. Ya ji kunyar kansa.

Sufeton wurin dattijo ne, shi ya koya wa Saje aiki. Ya ja shi ofis ya tura ƙofa.

"Ka san fayil ɗin da ke gaban lambar nan? Fashin da aka kashe ɗan sanda ne. 'Yan sashen fashi suna hanya, kuma ka san yadda mutum ke dawowa daga hannunsu, in ya dawo."

"Oga, kuskuren bugu ne. A sake shi."

"Ni ba ni da ikon sakinsa, fayil ɗin ba nawa ba ne. In ka ce kuskure, za su ce bari su bincika, kuma a jikinsa za su bincika." Ya zuba masa ido. "Kuskure harafi ɗaya ne ko biyu, Saje. Wannan lamba ce cikakkiya, ta mijin tsohuwar matarka. An ba ka jerin nan don ɓarayi, ba don wanda ka ji haushinsa ba. Abu ɗaya zai fitar da shi kafin su iso: wanda ya sa lambar ya rubuta da hannunsa cewa da gangan ya sa, ba wani rahoto."

Shekara goma sha tara Saje yana cikin kaki. Ya san abin da wannan rubutun ke nufi: kora, sannan kotu. Ya kuma san in ya yi shiru, Sufeto ba shi da hujja, kuma nan da wata guda ƙila ba sauran wanda za a kira Baba sai shi. Wannan tunanin ya zo masa, har ya ɗan yi masa daɗi, kuma daɗin ne ya tsorata shi. Ya ce a ba shi biro.

Da aka kwance ankwar, mai gyaran wuta ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun Saje da hannu biyu. "Yallaɓai, na gode. Ba don kai ba, da na shiga uku." Saje ya kasa ɗaga kai.

A bakin ƙofa yarinyar ta waiwayo, hannunta cikin na mutumin.

"Abba, ka gano maƙaryacin?"

"Na gano shi, Mamana. Yana hannu."

"A rufe shi, kada a sake shi!"

"To."

Suka fita. Saje ya cire hula ya ajiye a kan kantar ofis, ya zare bel, ya kwance igiyar takalmi, kamar yadda ya sha sa wasu su yi. Ya zagaya ya zauna inda mai gyaran wuta ya tashi. Wurin da sauran ɗumi.