Na'urar da Gwaggo Ta Naɗe

Ƙuri'a ce ta raba gidajen unguwar gida biyu: rabi aka ba su sabon murhu mai rage hayaƙi, rabi aka bar su da duwatsunsu uku. Gwaggo, wadda ta raine ni, ta faɗa a rabi na biyu. Ni aikina in rataya wata 'yar na'ura mai auna hayaƙi a kowane madafi, har shekara guda. In bambanci ya fito fili, gwamnati za ta raba wa kowa murhun. In bai fito ba, an rufe maganar.

A wata na uku Farfesa, shugaban binciken, ya kira ni ofis ya juyo mini da kwamfuta.

"Gida na sha bakwai iskarsa ta fi ta asibiti kyau. Da addu'a take girki? In irinsa suka yi yawa, cewa za a yi murhunmu ba shi da amfani."

Gidan Gwaggo ne, matar da tun daga bakin layi ake jin tarinta.

Na same ta tana hura wuta, idanu jawur. Na'urar kuwa tana ajiye a kan kantar madafin, an naɗe ta da leda biyu da tsohon zane kamar jaririya.

"Gwaggo! Me ya kai ki?"

"Kayan amana ne, 'yar nan. Ya yi baƙi su kore ki daga aiki? Har maƙwabta na koya wa."

Murhu talatin ne jibge a sitonmu, makullin kuma yana jakata. Amma duk gidan da ya samu kafin lokaci cire shi ake yi daga binciken, hujja ta ragu. Ko in ce mata ta fito tsakar gida ta yi girki ba ni da iko. Dokar binciken ta ce ta yi yadda ta saba.

Na kwance zanen, na rataya na'urar daidai saitin hancinta, na yi mata bayani a gurguje.

"Au, hayaƙin take ci? Saura wata nawa?"

"Tara, Gwaggo."

"To ja mini ƙofar yadda nake yi kullum, ta samu ta ƙoshi."

Na ja. Daga waje ina jin tarinta, lambar hayaƙin da na'urar ke aikowa tana hawa a wayata. Allah ya sani, daɗi na ji. Shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.